Wutsiyar Tauraro da Unguwar Masaƙa

Sunan sarkin nan ya ɓace mini, haka ma sunan garinsa, domin tsufa ya fara yi mini ɗauki ɗai-ɗai. Amma maganar alƙalinsa tana nan daram kamar yadda na ji ta a wani zaure zamanin yawona.

An yi wani sarki mai son adalci, wanda a zamaninsa tauraro mai wutsiya ya bayyana a gabas gabanin fitowar rana, wutsiyarsa ta miƙe ta nufi yamma. A yammacin garin kuwa akwai wasu masaƙa baƙi da fari ya koro. Galadima Barau ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, sama ta nuna su da yatsa. A kore su kafin annoba ta sauko mana."

Gwadabe, tsohon da ke shugabantar masaƙan, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu zare muka sani. Geronmu bai nuna ba. In muka tashi yanzu, yunwa za ta cinye 'ya'yanmu a hanya."

Sarki ya dubi Alƙali Mujtaba, wanda ya karanci ilimin falaki, ya ce, "Malam, me wutsiyar nan take nunawa? In ka kawo hujjar da ido zai gani, su zauna. In babu, su tafi."

Alƙali ya roƙi sarki ya tako zuwa inda mata ke shiƙar hatsi. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙwarya ta ce, "Malam, matsa, kada ƙaiƙayi ya cika maka gemu." Tsaba ta zubo ƙasa, ƙaiƙayi ya bi iska.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji alƙali, "ƙaiƙayin nan bai zaɓi gemuna ba, iska yake gudu. Masana sun ce da ikon Allah daga ƙura aka dunƙula rana da duniya, kamar yadda mace ke dunƙula fura daga gari, wannan tauraro kuwa ragowar garin ne da ya saura a bakin faifai. In ya kusanci rana sai ta shiƙe shi, ƙurarsa ta guje ta. Zai ɓace cikin haskenta, sannan ya fito a yamma bayan magariba, wutsiyarsa na nuna gabas. In ba haka ba, ga rawanina."

Galadima ya yi dariya. "Yau Malam ya mai da sama masussuka."

Tauraro ya ɓace, kwanaki suka yi ta wucewa, har masaƙa suka fara ɗaure kayansu. Wata rana ana fitowa daga sallar magariba sai ga shi a yamma, wutsiyarsa ta miƙe ta nufi gabas, daidai kan soron fada. Gari ya ɗauki guɗa.

Sarki ya juya ya ce, "Galadima, yau wa za mu kora?"

Galadima ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ƙaiƙayi ne."

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya mallaka wa masaƙa gonakinsu har jikoki. Sannan ya ce, "Hujjar da ba zan yarda ta kore ni daga gidana ba, ba zan kori talaka da ita daga nasa ba."

Bayan shekaru na tambayi wani malamin ilimin taurari a jami'a, ya tabbatar mini cewa irin wannan tauraro dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura da suka saura tun samuwar duniyoyi, kuma wutsiyarsa kullum nesa da rana take fuskanta, har in ya juya yana barin rana, wutsiyar ce ke shiga gaba.