Ƙamus ɗin Kawu da Alamomin Tambaya

Akwai wani matashi mai rubuta manhajar kwamfuta, a ofis ana ce masa Injiniya. Ya iya aikinsa, sai dai ba ya son a nuna masa hanya.

Wata rana kawunsa ya aiko 'yarsa da filashi. Kawun tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekara ashirin da bakwai yana tara kalmomin yaren kakarsa, yaren da masu jinsa suka kusa ƙarewa. Burinsa a haɗa fayilolin su zama ƙamus. 'Yar ta faɗa wa Injiniya cewa kwamfutar babanta ta lalace, abin da ke filashin nan shi ke nan.

Injiniya ya rubuta 'yar manhajar da za ta karanta fayilolin. Yana kunna ta sai ta tsaya, wai ta ci karo da harafin da ba ta gane ba. Ya buɗe fayil ɗaya, ya ga duk inda harafi mai lanƙwasa ko ɗigo yake ya koma tarkace.

Abokiyar aikinsa da ke teburin gefe ta leƙo. Ta ce rubutun lafiyarsa ƙalau, da wani tsohon tsarin haruffa aka adana shi, shi kuma yana karantawa da sabon tsarin UTF-8. Ta ba shi shawara ya kwafi fayilolin ya ajiye, sannan ya gwada tsarin ɗaya bayan ɗaya.

"Ke dai ji da naki," in ji shi. "Wannan aikin minti biyar ne."

Ya sa manhajar ta maye duk harafin da ba ta gane ba da alamar tambaya, ta adana a kan na asali da ke cikin filashin. Ta yi aiki sumul.

Sai da aka buga shafin farko aka ga ɓarnar. Kusan kowace kalma ta rasa harafi biyu ko uku. Ya nemi na asali, babu. Ya kai filashin wajen masu gyara har uku, kowa ya girgiza kai.

Ya yi wata biyu yana jin nauyin faɗa wa kawu. Kafin ya yi ƙarfin hali, shanyewar ɓarin jiki ta kama tsohon, magana ta ɗauke.

Ya je da takardun ya durƙusa a bakin gado. "Kawu, ka yafe mini. Ko za ka tuna wannan kalmar?"

Tsohon ya ɗora yatsa a kan layin, leɓɓansa suna motsi, sauti bai fito ba. 'Yarsa ta zare takardar a hankali ta ce, "Yaya, bar shi ya huta."

Darasi: Kafin ka gyara abin da ba ka gane ba, ajiye na asali, kuma ka saurari wanda ya ce ka dakata. Ba kowace ɓarna ce "yi haƙuri" ke gyarawa ba. Tura wa duk wanda ake ba amanar aikin wani.