Rijiyar Kwalabe

Abdussalamu, ka yi wa gawar ɗana ƙarya. Kai ka riƙe igiya ran da ya mutu, kuma kai ka tsaya gaban jandarmomi ka ce sata ya shiga yi. Ka san ni. Ni ce Sahura, uwar Gado mai ginan rijiya. Ban yi lakwal ta boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Marwa matar Gado ita ke rubuta mini, na ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Ya 'yan uwa, ba ni da rawani. Amma tunda masu rawani sun yi shiru, yau tsohuwa za ta yi wa'azi.

An yi wani mutum nan Dogon Dutsi. Ba zan kama sunansa ba, wanda Allah ya riga ya kama ba ya bukatar hannuna. Ya yi aikin duwan, wato kwastan, shekaru masu yawa, ya zauna Yamai, ya zauna Gaya, har ƙasar Turawa anka kai shi ƙarin ilimi. Da ya aje aiki ya komo gida, ya rushe gidan ubansa na laka ya gina na siminti. Ranar Juma'a sahun gaba yake.

Ba wanda ya taɓa ganinsa yana tangaɗi a hanya. Shansa ba irin na 'yan tasha ba ne. Giyar inabi yake sha, wadda ake kawowa cikin akwatin katako daga bakin teku. Kuma abin da ya fi sha daɗi gare shi, ajiya. Wai ita wannan giya tsufa ke gyara ta. Kowace kwalba da shekararta a rubuce, kamar jaririn da anka yi wa takardar haihuwa. Ba a tsai da ita, kwantar da ita ake. Ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son a girgiza ta. Ni na haifi tara, ba wanda ya samu wanga lele.

Su huɗu ne, duk tsoffin ma'aikata, Abdussalamu na cikinsu. Ranar Lahadi bayan la'asar su taru a falonsa. A zuba ɗan kaɗan cikin kofin gilas mai dogon wuya. Su ɗaga shi su dubi launi. Su juya, su sa hanci, su rufe ido. Wannan ya ce yana jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, wancan ya ce a'a, dabino ne da fatar dukawa. Su kurɓa, su kurkure baki, wani sa'in ma su tofar. Suna cewa su ba mashaya ba ne, masana ne. Ya 'yan uwa, kare in ya ci mushe da cokali, ya zama halal?

Bazarar farko zafin Arewa ya dafa masa kwalabensa cikin ɗaki. Ya buɗe ɗaya, ta yi tsami. Ya buɗe wata, haka. Matarsa ta ce kwana uku bai ci tuwo ba.

To, a tsakar gidan akwai tsohuwar rijiyar ubansa, gaba goma sha biyu. Duk sa'in da famfo ya ɗauke, matan unguwa nan muke ɗiba, tsohon bai taɓa hana kowa ba. Mutumin ya sa ma'aunin zafi a zare ya zura, ya jawo, ya duba, ya yi murmushi. Washegari ya ce ruwan ya ɓaci, kada wadda ta sake shigo masa da guga.

Ya kira Gado ya sassaƙa masa ƙofofi a jikin rijiyar, can ƙasa kusa da ruwa inda sanyi yake. Anka shimfiɗa ƙaiƙayi da karan gero, anka jera kwalabe. Anka yi murfin ƙarfe mai kwaɗo.

Ban ce ɗana waliyyi ba ne. Ya san abin da ya jera. Na ce masa, "Gado, kuɗin nan ba su da albarka." Ya ce, "Inna, ni ƙasa na gina, ban ɗanɗana ba. Yanzu kowa burtsatse yake so, wa ke kiran mai gina da hannu? Ɗiyana shida." Na yi masa faɗa, kuma na ci tuwon da anka yi da geron da ya sawo. Ni ma Allah ya yafe mini.

Da fari duk wata biyu ake buɗewa. Daga baya mutumin ya kwashe na sha ya kai firji, ya bar masu daraja ƙasa, ya rufe. Ya ce akwai guda ɗaya a ciki da ba za a taɓa ba sai ta cika shekara ashirin. Shekara uku murfin nan bai motsa ba. Damina uku ƙaiƙayi na jiƙa yana ruɓewa cikin duhu. Shi kuwa yana bisa yana ƙirga mata shekaru, bai ƙirga nasa ba.

Ranar da kwalbar ta cika shekara ashirin ta zo, wata Lahadi cikin bazara, da hantsi. Ya aika kiran Gado. Gado ya taho da Jibo, abokin aikinsa, wanda ke riƙe masa igiya shekara ashirin. Mutumin ya tare su bakin ƙofa ya ce Jibo ya koma, ba ya son idon baƙo, abokansa sun isa su riƙe igiya.

Ku da ba ku san aikin ba, ku saurara. Rijiyar da ta daɗe rufe ba a faɗa mata haka nan. Akan buɗe ta a bar ta ta wuni. A ɗaura reshen dogon yaro mai ganye a igiya, a yi ta zurawa ana jawowa har iskar cikinta ta motsa. Sannan a zura fitila. In wuta ta mutu, mutum ma zai mutu. Kakan Gado haka ya yi, ubansa haka ya yi, ba ɗaya da rijiya ta ci.

Gado ya ce, "Alhaji, a bar ta buɗe zuwa gobe."

Ya ce, "Cikin wanga zafi? Ka san abin da wuni guda zai yi musu? Aikin shekara ashirin!"

"To a kawo fitila."

"Wuta kusa da su? Ga tocila, ita ma kada ka haska musu kai tsaye."

"Tocila ba ta gwada iska, Alhaji."

Nan Abdussalamu ya yi dariya ya ce, "Kai Ba'are ɗan Arewa, ko Doguwa aljanar rijiya kake tsoro? A kira maka 'yan bori su yi mata kiɗa?" Sauran sunka kwashe da dariya.

Ɗana shekararsa arba'in da biyar. Ba a taɓa ce masa matsoraci ba. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya sauka.

Igiya ɗaya ce. Da Jibo na nan da biyu ce, ɗaya ta mutum, ɗaya ta kaya. Anka jefa masa kwando. Ya fara sa kwalabe. Ba a jima ba murya ta fito daga ƙasa: "Ku jawo ni. Iskar ba ta da kyau. Kaina na juyawa."

Mutumin ya leƙa ya ce, "Ɗaura kwandon tukuna. Yanzu a sake zuro maka."

Ya kwance igiya daga ƙugunsa ya ɗaura wa kwando.

Sunka fara ja. Mutumin na tsaye yana cewa, "Sannu-sannu! Kada ku girgiza, gurɓin ƙasan kwalba zai tashi!" Gaba goma sha biyu, ya 'yan uwa, sannu-sannu, kamar masu ɗauko ƙwai. Da kwando ya fito ba su mai da igiya nan take ba. Sai da ya ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana karanta shekaru. Ta shekara ashirin ba ta ciki.

Sannan anka zura igiya. Ba wanda ya kama. Ya kira, "Gado! Ina babbar?" Shiru. Ya ce yaji ne yake yi masa don a ƙara masa lada, ko kuwa ya buɗe ta yana sha. Zuciya ta ɗebe shi. Dattijo mai tumbi, wanda bai taɓa shiga rijiya ba, ya ɗaura igiya ya ce su saukar da shi.

Bai kai ƙasa da hankalinsa ba.

Matarsa ce ta fasa ihu ta fita waje ba mayafi. Jibo bai yi nisa ba, yana zaune gindin bango don ransa bai ba shi ya tafi ba. Ya kira maginan unguwa, sunka kaɗa iska da ganye, Jibo ya sauka. Mutumin anka fara jawowa, tunda shi ke ɗaure. Da sauran numfashi. Gado kuwa ya riga ya cika, babbar kwalbar tana fashe ƙarƙashin ƙirjinsa, jikinsa duk ja, duk wari.

Kafin jandarmomi su iso, kwando ya shiga bayan mota. Da sunka tambaya, Abdussalamu ya ce su sun zo gaisuwa ne kawai. Ya ce Gado ya san wurin, ya haura ya shiga sata, maigida ya ji nishi ya sauka ceton rai. Ya ce kwalaben ajiyar wani Bature ne da ya bari tun da daɗewa. Sauran biyun sunka ce haka ne. Jibo ya ce, "Ƙarya ne, tare anka kira mu!" Anka ce masa in bai yi shiru ba za a rubuta shi mai gadin ɓarawo.

Sau uku anka wanke ɗana warin bai fita ba. Samarin unguwa masu wa'azi sunka ce ba su sallatar wanda ya mutu cikin giyar sata. Ɗana da ya gina rijiyoyi tun daga Kieshe har Dumega, wanda makiyaya ke shayar da shanu da aikin hannunsa, mutum bakwai sunka tsaya kansa. A masallaci kuwa addu'a anka yi wa maigidan, wai ya sai da ransa don talaka.

Wa ya gaya mini abin da anka faɗa bakin rijiyar? Matar gidan. Tana kicin, ta ji duka. Ta zo mini bayan arba'in tana kuka, ta roƙe ni kada in ce ita ce. Na faɗa. Ta yafe mini, ni ba ni da wata shaida.

To ina mutumin yau? Yana nan. An kai shi Dosso, an kai shi Yamai, likitoci sunka ce iskar ta ƙone masa ƙwaƙwalwa. Shekara biyu ke nan yana kwance. Ba magana, ba sallah, ba ya gane ɗiyansa. Harshen da ke rarrabe giyar bana da ta shekara goma, yau a ba shi kunu da gishiri ko da sukari duk ɗaya ne. Hancin da ke jin dabino cikin kofi ba ya jin abin da ya yi a shimfiɗarsa. Ana juya shi safe da marece don kada bayansa ya ruɓe. Ɗiyansa sun watse. Abokan Lahadi sun zo sau biyu, sunka daina. An ce taron ya koma wani gida, kuma kwandon nan can anka sha shi.

Kada ku ce na ji daɗi. Na je na gan shi. Na tsaya kansa na ce, "Alhaji, ni ce uwar Gado." Idonsa na kallon rufi, yawu na zuba. Da zai iya cewa astagfirullah da na yi murna. Da zai iya cewa "ni na kira shi", kalma huɗu, da na yafe masa nan take. An rufe bakin. Ba ya iya tuba, ba ya iya wanke wanda ya ɓata. Akwai asarar da ta fi wagga?

Ya 'yan uwa, ga abin da na gani da idona. Zunubin da anka yi a guje, mai shi kan ji kunya ya komo. Amma zunubin da anka yi wa ɗaki, anka yi masa shimfiɗa, anka kira shi ilimi, shi ke cinye mutum ba ya ji. Wanga mutum ya yi wa kwalba haƙurin shekara ashirin, bai iya yi wa ɗan Adam haƙurin wuni ɗaya ba. Ya hana unguwa ruwa. Ya hana magini fitilarsa. Ba rana ɗaya zuciyarsa ta mutu ba, ita ma a hankali ta tsufa cikin duhu. Kowa ya duba abin da ya rufe wa murfi a gidansa yana jira ya nuna. Wa ya ba ka takardar cewa za ka kai?

Allah ya kiyaye mu da son abin da zai sa mu jawo kaya mu bar mutum. Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu nemi tuba harshe ya ƙi. Allah ya jiƙan Gado, ya yafe masa abin da ya jera da hannunsa.

Na je jandarmari sau huɗu, sun ce an rufe magana. Na je wurin liman, ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na san ƙaddara, Malam, na binne miji da ɗiya biyar ban kai ƙarar kowa ba. Mutuwa ƙaddara ce. Ƙarya kuwa wani ya yi ta da bakinsa. Jikokina ba su zuwa ɗibar ruwa sai an ce musu ɗiyan ɓarawon giya. Babban ya bar gari saboda haka, ban san inda yake ba.

Ba diyya nake nema ba, Abdussalamu. Ƙafafunka na tafiya, harshenka na motsi. Ranar Juma'a in an sallame, ka miƙe gaban jama'a, gaban samarin da sunka ƙi sallatar ɗana, ka faɗi wa ya aika kiransa, wa ya hana fitila, mi kunka fara jawowa. Zan zauna bakin ƙofar masallaci, wajen takalma, da Marwa da ɗiyanta. In ba ka faɗa ba, Juma'a mai zuwa ina nan, da wadda ke bi mata. Na tsufa, ba ni da shekara ashirin ta jira. Ka fito ka amsa.