Mai Fentin da Ya Ajiye Burushi

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai fenti, ana ce masa Ɗantala. Wata rana wani ɗan kasuwa, Mamuda, ya same shi ya ce, "Mahaifina zai dawo daga Makka jibi. Ina so a shafe gidan nan kaf da fentin mai, mai ƙyalli, 'yan taryar alhaji su gani." Suka daidaita, suka tafa.

To, ku saurara. Ɗantala ya shiga gidan da gwangwanayensa, sai ya ga matar Mamuda, Huraira, da ciki ya kai wata biyar. Ya leƙa ɗakinta, taga ɗaya ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya fito ya ja mai gida gefe.

Ya ce, "Maigida, warin fentin nan ni da na saba ma yana juya mini kai. Ka bar ta ta je gidansu ta yi mako guda, ko kuwa a bar ɗakinta."

Mamuda ya yi dariya. "Ashe ungozoma na ɗauko? Surukinta na dawowa daga Hajji ta tafi gida, ai sai a ce yaji ta yi. Kuma wa zai yi wa baƙi tuwo?"

"To, a bar ɗakin."

"A shafe ko'ina a bar ɗaki guda kamar giɓi a baki? Malam, mun tafa ko ba mu tafa ba?"

Ɗantala ya ce, "Mun tafa. Amma ba da ita muka tafa ba."

Ya ajiye burushi, ya kwashe kayansa ya fita. Jama'a, ya fita fa, alhali a gidansa ko garin tuwo babu. Mamuda ya bi kasuwa rumfa rumfa yana cewa Ɗantala ba ya cika alkawari. Aiki ya ɗauke wa Ɗantala ɗif.

Aka kira wani, ya shafe gidan tas. Huraira ta kwana biyu a ɗakin nan, kai na sarawa, amai ba tsayawa, kunya ta hana ta magana. Ranar da alhaji ya sauka, ana buɗa a ƙofar gida, ita kuwa ta yanke jiki ta faɗi a gindin murhu. Cikin bai tsaya ba.

Ban ce muku fenti ne ya zubar da shi ba. Ni ba likita ba ne, rai na Allah ne. Amma an faɗa wa mutumin nan, kuma bai ji ba.

Ɗantala ya zo jaje. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da alheri." Shi ke nan. Ko "ai na gaya maka" bai ce ba. Mamuda ya kasa ɗaga ido.

Ku da za ku gyara gida don biki ko suna, ku fara duba wa ke kwana a ɗakin. Mai ciki, ku kai ta inda iska take sai wari ya fita. Abin da mutane za su ce bai kai rai ba. Ku masu sana'a kuma, in kun ga cuta ku faɗa, ko da za ku kwana da yunwa.

Ɗantala ya rasa aiki, ya tsira da hannunsa tsaf a gaban Ubangiji. Mamuda ya sami yabon baƙi na yini ɗaya, ya rasa ɗa. Huraira kuwa, wadda ba a tambaye ta ba, ita ta fi kowa asara.