Dillalin da Ya Ɓoye Aibin Hannun Jarinsa

Da hantsi ne, ranar kasuwar Tambuwal. Rana ta fara zafi, hadari na haɗowa gabas yana watsewa, don ruwan shuka bai sauka ba tukuna. A wannan hantsin ne wani mutum ya yi cinikin da ya rusa shi. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya.

Ya 'yan uwa, mutumin nan dillalin shanu ne a kara, kuma ba dillalin banza ba. In an kawo masa sa, sai ya buɗe bakinsa, ya duba kofato, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. In mai saye ya zo, shi da bakinsa zai ce, "Ka ga wanga, shina ɗingishi in ya gaji. In ka yarda ka saya, in ba ka yarda ba ga wani can." Shi ya sa mutanen Sanyinna da na Kebbe ba sa miƙa igiyar dabbarsu ga kowa sai shi. Ba shi da garke, ba shi da babbar gona. Maganarsa ita ke ciyar da gidansa.

To, yana da ƙanin mata, Shafi'u, wanda ke aiki a wani kamfani a Sakkwato. Aikin kamfanin shara ne da goge-goge da gadi da gyaran famfo da wuta, a wani asibitin kuɗi. Da suka ce suna neman masu sa hannun jari, dillalin nan ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa ya zuba. Shekarar farko aka ba shi riba, har ya rufa wa ɗakinsa kwano sabo.

Kada wani ya ce na ce hannun jari haramun ne. A'a. Tarayya ce. Kun haɗa dukiya, in an samu ku raba, in an faɗi ku ɗauka tare. Har nan bai yi laifin komai ba.

Sai Shafi'u ya zo gida wani bikin suna, ya ja dillalin gefe. Ya ce, "Yaya, akwai magana. Kamfanin ga kwangila guda garai, ta asibitin nan, kuma masu asibitin sun ce su za su ɗauki nasu ma'aikata." Dillali ya zauna ya yi ta tambaya, yadda ya saba duba dabba. Injinan goge ƙasa na wa ne? Na haya ne. Motar fa? Ita ma. Masu shara ana biyansu? An daɗe ba a biya ba. Wa ke da kaso mafi yawa? Wani Alhaji ne, kuma ya fara sayar da nasa a ɓoye. Shafi'u ya ce, "In kwangilar ga ta ƙare, ba abin da za a raba sai tsintsiya da bokiti."

Kun ga dai ya sani. Ba zato yake yi ba, ya sani sarai. Ya nemi kamfani su mayar masa da abinsa, suka ce sai dai ya samo wanda zai saya, a juya suna.

Nan ya tuna da Sambo, ɗan kawunsa da ke Fakku. Sambo manomi ne mai iyali da yawa, kuma tun da ya ga kwanon nan yake roƙo a sa shi cikin abin. Ba shi da abin sayarwa sai shanun huɗarsa biyu, waɗanda da su yake noma gonarsa, ya kuma yi wa mutane huɗa a biya shi. Dillali ya aika masa ya kawo su kasuwa.

A hantsin nan Sambo ya iso da su, yana shafa wuyan babban. Ya ce, "Yaya, kai ka san kan abin ga, ni ban sani ba. Ba shi da wani aibi ko?"

Dillali ya ce, "Haba Sambo. Da shina da aibi ai ni za ni fara gaya maka."

Ku ji abin tausayi. Da mai sayen shanun ya zo, mutumin nan bai ɓoye masa komai ba, har ya ce masa ƙaramin yana tsorata in ya ji ƙarar babur. Aka sayi shanun, Sambo ya miƙa wa dillali kuɗin, aka juya kason da sunansa. Ya faɗa wa baƙo aibin sa, ya ɓoye wa ɗan uwansa aibin takarda, duk a tsaye wuri guda. Me ya sa? Don wancan la'ada kawai zai rasa, wannan kuwa dukiyarsa ce.

Ruwa ya sauka. Kowa ya fita da shanunsa, Sambo ya fita da fartanya. Kafin layin hayar shanun huɗa ya zo kansa lokaci ya wuce, gero ya fito a makare. Yana ta haƙuri, yana cewa ribar na tafe. Da shiru ya yi yawa ya shiga mota ya tafi Sakkwato, ya tarar da ofis a kulle. Ya nemi Shafi'u. Shi kuwa Shafi'u bai san wanda ya sayi kason ba, ya riƙe baki ya ce, "Kai ne? Ai na gaya wa Yaya tun ba a yi shuka ba."

Sambo bai kai ƙara ba, bai yi zagi ba. Ya koma Fakku, rumbu bai cika ba, babban ɗansa ya tafi cirani bai shirya ba. Amma da mutane suka tambaye shi ina shanunsa, ya faɗa musu yadda aka yi.

Kasuwa ta gaba, dillali ya tsaya inda ya saba tsayawa. Mutane na zuwa da dabbobi, su gaishe shi da kyau, su wuce su miƙa wa wani igiya. Haka ta gaba, haka ta gabanta. Ba wanda ya ce masa maƙaryaci. Sun daina tambayarsa ne kawai. Kuɗin da ya tsira da su suka riƙa shiga tukunya har suka ƙare. Sau da yawa ya yi niyyar zuwa Fakku, kunya ta mayar da shi, har ya zama ko ya je ba shi da abin mayarwa. Yau harawa yake ɗaukowa daga ƙauye yana sayarwa a bakin karar da ya yi suna a cikinta.

Ya 'yan uwa, me ya tsirar? Asara ta zo masa a halal, jarrabawa ce, da ya ɗauka da yanzu yana cin abincinsa da mutuncinsa. Sai ya ɗora ta a wuyan wanda ya amince da shi. Duk mai sa jari ya tambaya: aikin nawa ke hannunsu, kayan aikin nasu ne, wa ke riƙe da kaso mafi yawa? Duk mai sayarwa kuma ya faɗi abin da ya sani. Aibi aibi ne, ko a kofato yake ko a takarda, kuma za a tambaye mu.

Kwanan baya an ga dillalin nan a hanyar kasuwa, damin harawa ya zame masa daga ka, ya yi ta kokawa ya kasa ɗagawa shi kaɗai. Sambo ya zo wucewa a ƙasa. Ya tsaya, ya kama gefe guda, ya ɗora masa, ya gyara masa gammo. Sambo ya kaɗe hannunsa ya ci gaba da tafiya.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Allah ya mayar wa Sambo da mafi alheri, shi kuma wancan Allah ya ba shi ƙafar zuwa Fakku tun yana da rai. Amin.