Kurege da Shinge Mai Tashi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu nemi ƙari.

To ku matso kusa da wuta. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na fara ba na tsayawa.

Wata tsohuwa ce ana ce da ita Gwaggo Ladingo, tana zaune a bakin gari ita kaɗai. 'Ya'yanta duk sun girma sun watse. Abin da ya rage mata biyu ne: ɗan lambu a bayan ɗaki, da wani farin zomon gida da ta raina tun yana kamar dunƙulen hannu. Ta sa masa suna Auta. Ba ta kai loma baki sai Auta ya ci. Shi kuwa Auta ga ƙiba, ga farar zuciya, amma wayo babu ko na anini.

A gindin tsamiyar da ke gefen lambun akwai rami, a cikin ramin akwai Kurege. Kun dai san shi: ido tsaye, jela buzu-buzu, ciki a gaba. Kullum da safe sai ya zo gaida Auta, ya ce, "Ƙanena, ka tashi lafiya?" Kafin Auta ya amsa, rabin dusarsa ta wuce. Auta ya yi ta murna ya ce, "Ƙara mana, Yaya Kurege." Ban ce Kurege ba ya son Auta ba. Yana son sa ƙwarai. Amma yana son dusar ma.

Ana nan, ana nan, sai ɗan Gwaggo da ke birni ya aiko mata da shingen ƙarfe, aikin mai walda. Gunduwa-gunduwa yake kamar ƙyauren ƙofa, sandunansa kusa da juna, kowace gunduwa da ƙafafu masu tsini. A soka a ƙasa, a haɗa wannan da wancan, shi ke nan an yi shinge. In an ga dama a cire a kai wani wuri. Ba shi da nauyi, tsohuwa ma tana ɗauka. Sai dai ba shi da yawa. Iyakarsa ya zagaye Auta, ya zagaye fangali ɗaya na shuka.

Gwaggo ta fara da Auta, saboda akwai wani baƙin karen maharbi, Duna, da ya daɗe yana leƙen gidan yana lasar baki. Sauran shingen kuwa ta kafa wa gyaɗa. Yakuwa da barkono ta bar su a fili, ta ce, "Ku kun iya kare kanku."

Kurege ya zo da hantsi, ya ga gyaɗa a killace, sai ya ji kamar an yi masa rasuwa. Ya cusa kai tsakanin sanduna, kai ya shiga, ciki ya ce bai san zancen ba. Ya kama ƙarfe zai hau, rana ta gasa shi, ya saki yana hura tafin hannu. Ya haƙa ta ƙasa, ya ci karo da ƙafar ƙarfe, farce ya karye. Ya koma gindin tsamiya ya yi tagumi.

Auta ya ce daga cikin nasa shingen, "Yaya Kurege, ka yi haƙuri. Gwaggo ta ce duk abin da ake yi wa ɓarna, shi ake killacewa."

Kurege ya ɗago kunne. "Me ka ce, ƙanena?"

"Abin da ake yi wa ɓarna, shi ake killacewa."

Kurege ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Mutane na cewa ba ka da wayo, ashe ajiya kake yi mini."

Washegari ya faɗa cikin yakuwa. Ya gatsa ganye, tsami ya kama masa haƙora, ido ɗaya ya rufe. Ya daure, ya gatsa nan, ya yaga can, ya tattake sauran. Sa'an nan ya ɓuya.

Gwaggo ta fito ta riƙe baki. "Wayyo yakuwata! Wane mara tsoron Allah ne wannan?" Ta ɗaura ɗamara. Ta cire, ta ɗauka, ta kafa. Shinge ya tashi daga gyaɗa ya koma yakuwa. Ta shiga ɗaki tana dafe da ƙugu.

Kurege ya shiga gyaɗa yana tono yana waƙa:

"Gwaggo ta cire, Gwaggo ta kafa,
Na sha tsami, ga ladan tsami."

Gwaggo ta fito da la'asar ta ga ɓawon gyaɗa. "Wayyo gyaɗata!" Ta cire, ta ɗauka, ta kafa. Shinge ya koma gyaɗa.

Kurege ya ce, "Ba komai, akwai barkono." Ya je ya gatsa ja guda. Jama'a, ba a magana! Hawaye shaaa, majina shaaa, ya yi ta birgima yana kiran uwarsa. Amma ya daure, ya kakkarya rassa, ya zubar da 'ya'ya, ya ɓuya.

"Wayyo barkonona!" Ta cire, ta ɗauka, ta kafa.

Kurege ya koma gyaɗa, harshe a kumbure, waƙar ma da ƙyar take fita:

"Gwaggo ta cire, Gwaggo ta kafa,
Na sha yaji, ga ladan yaji."

Auta ya ce, "Yaya Kurege, bayan Gwaggo fa na ciwo. Jiya sai da ta gasa shi da ruwan zafi."

Kurege ya ce, baki cike da gyaɗa, "Motsa jiki ne, ƙanena. Tsufa ba ya son zama wuri ɗaya."

Da ya tsaya a nan, da tatsuniyar ta ƙare kowa ya tafi ya kwanta. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Kurege ya ce a ransa, in na ɓata ɗaya tana rikicewa, in na ɓata duka fa? Ai sai ta rasa inda za ta kafa, ta jingine shingen ta huta, ni ma in huta. Ya jira har shinge ya sake komawa gyaɗa, sai ya bi yakuwa, ya bi barkono, ya bi gefen gyaɗa ta tsakanin sanduna, duk a safiya ɗaya.

Gwaggo ta fito ta tsaya. Ba ta yi wayyo ba. Ta dubi lambu, ta dubi shingen Auta, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Ɗan autana, ka ara mini ɗakinka na yini ɗaya. In ban killace duka ba, bana ba mu da miya. Kai yaron kirki ne, zauna nan gindin mangwaro, kada ka je ko'ina."

Auta ya ce, "To, Gwaggo."

Ta cire, ta ɗauka, ta kafa. Ta haɗa na Auta da na gyaɗa, ta zagaye lambun kaf. Gajiya ta kama ta, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ajiye goronta a kan faifai, barcin rana ya ɗauke ta.

Kurege ya leƙo. Gyaɗa a killace, yakuwa a killace, har barkonon da ba ya so a killace. Yana cikin zagin kansa, sai ya ji ƙamshin da ya sani, wato warin kare. Ya waiwaya. Ga Duna yana shigowa ta kafar dangar maƙwabta, sannu-sannu, harshe a waje. Ga Auta a gindin mangwaro, fari fat a fili, yana taunar ganye, ba shinge ba komai.

Kurege ya dubi hanyar gudu. Ramin tsamiya na nan kusa, tsalle ɗaya ya isa. Ƙafafunsa ma har sun juya can da kansu. Amma ya tuna wa ya jawo aka cire shingen. Ya tuna "ƙara mana, Yaya Kurege."

Sai ya daka tsalle ya tari Duna. "Ranka ya daɗe, sarkin farauta! Ina zuwa da tsakar rana haka?"

Duna ya ce, "Kauce. Abincina ne can."

"Wancan? Haba, ranka ya daɗe! Ka taɓa ganin Gwaggo ta bar abu mai kyau a waje? Mai kyau shi ake killacewa. Wannan ciwo ne da shi, shi ya sa ta fitar da shi. Duk wanda ya ci, gashinsa zai zube."

Duna ya tsaya, ya dubi baƙin gashinsa da yake taƙama da shi. Saura kaɗan magana ta kama. Sai Auta ya ɗago kai ya ce, "A'a, Yaya Kurege, lafiyata ƙalau! Ko tari ba na yi."

Kai, gaskiya a bakin wawa ba ta san lokaci ba.

Duna ya yi dariya, ya ture Kurege gefe, ya ci gaba da tafiya. Kurege ya ga baki ya ƙare. Wa zai iya da Duna? Gwaggo kaɗai. Gwaggo kuwa tana minshari. Ya yi kuka, ba ta ji ba. Ya ja bakin zanenta, ta juya. To me ke tayar da tsohuwa daga barci? Kurege ya haye cikinta, ya tsaya a kan ƙirjinta, ya sure goron da ke kan faifai, ya kaɗa mata jela a hanci.

Gwaggo ta buɗe ido. "Gorona! Ɓarawo!" Ta wawuri muciya. Ciwon baya ya manta da kansa. Kurege a gaba, Gwaggo a baya, bai nufi raminsa ba, sai ya miƙe gindin mangwaro. Duna ya riga ya buɗe baki a kan Auta. Gwaggo ta gani. Ta saki salati, ta saki muciya. Ƙwal! a tsakar ka. Duna ya yi ƙara, ya bi kafar danga, bai ko tsaya ɗaukar mutuncinsa ba.

Gwaggo ta durƙusa ta rungume Auta tana kuka. "Na yi wauta, ɗan autana. Miya ta ƙone in dai kana nan." Nan take ta tashi. Ta cire, ta ɗauka, ta kafa. Ta zagaye Auta, ta danna ƙafafun har ƙasa, ta ɗora tsohuwar tabarma a sama ta danne da dutse.

Sai da ta gama, ta ga wata jela buzu-buzu tana leƙowa daga bayan Auta. Ta sunkuya. Ga Kurege, goro a baki, ƙasar gyaɗa a farce, jan barkono a gemu.

Gwaggo ta ce, "Af! Ashe kai ne."

Kurege ya ce, "Gwaggo, barka da rana. Wucewa nake yi."

Auta ya ce, "Gwaggo, shi ya tare Duna. Kuma shi ya ci gyaɗar. Kuma shi ya ɓata yakuwar."

Kurege ya ce, "Ƙanena, ya isa haka."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ni da nake ta jigilar ƙarfe daga fangali zuwa fangali! Ashe ba shuka ake killacewa ba, ɓarawon ake killacewa." Ta tafi ta bar lambun a buɗe, ko tsinke ba ta kafa ba.

To kun ga azaba. Ga gyaɗa can a fili tana kaɗa ganye, ga Kurege a cikin shinge yana kallo ta tsakanin sanduna. Gwaggo kuwa ba ta dake shi ba, ba ta zage shi ba. Safe da yamma tana kawo masa abinci da hannunta, tana shafa masa kai. "Ci, bawan Allah. Na lura kana son yakuwa, ga ta, na yanka maka barkono a kai." Dusar Auta kuwa sai ta tsaya a kansa har ya cinye.

Kurege ya ci tsami, ya ci yaji, ya ci tsami, ya ci yaji. Cikin nan da ke gaba ya koma baya.

Da damina ta matso, Gwaggo ta shafa wa shingen farin fenti don kada ya yi tsatsa. Kurege ya dubi sanduna, ya dubi cikinsa. Ya ce, "Ƙanena, ni zan ɗan fita shan iska." Ya cusa kai, kai ya shiga. Ya ja ciki, ciki ya bi. Suluf! Sai dai fentin bai bushe ba. Ya fito da farin layi a wannan gefe, farin layi a wancan gefe. Ya yi birgima a ƙasa, ya yi wanka a rafi, layi ya ce zama daram.

Ya ruga lambu. Gwaggo ta riga ta cire gyaɗarta ta kai rumbu. Amma a can ƙarshen fangali, kusa da tsamiya, ta bar layi guda ba ta taɓa ba. Kurege na tsaye yana mamaki, sai ya ji muryarta daga ƙofar ɗaki.

"Naka ne, mai zane. Ka ceci autana. Amma yanzu ko daga ina ka ɓullo ina ganin ka."

Kurege ya tona, ya ɓare, ya kai baki. Sai ya tsaya. Ya kwashi cike da hannu, ya koma wajen shinge, ya miƙa ta tsakanin sanduna.

"Ƙanena, ci."

Auta ya ci ɗaya ya ce, "Ƙara mana, Yaya Kurege."

Kurege ya ce, "Kai fa ba ka san wasa ba." Amma ya ƙara masa.

Shi ya sa har yau in kuka ga kurege, za ku ga farin layi a haƙarƙarinsa. Fentin Gwaggo Ladingo ne.

Ƙurunƙus kan kurege mai zane! Wanda zai saci gyaɗar tsohuwa, ya fara tambaya ko tana da yakuwa. In kun ce ƙarya na yi, gobe ku kamo kurege ku wanke layin mu gani.