Da Cikin Mataimaki Ya Daina Ciwo

Wa ya aiko ki ki yi mini wannan tambayar, Wietske? Malaminku? Shi ba shi da kaka ne? Ni ban yi makaranta ba, abin da idona ya gani zan faɗa, wanda kuma ya katse ni ba zai ji ƙarshe ba. Auke, sauke ƙafarka daga kan kujera.

Douwe Rinsma mai tausa ne a garinmu, ƙato, hannuwansa kamar shebur. Lokacin sanyi shi ke murza wa masu tseren kan ƙanƙara ƙafafu. Mutumin kirki ne, amma yana da aibi ɗaya: ba ya jure a ce akwai abin da ya fi ƙarfin hannunsa.

Da Jamusawa suka mamaye mu, shugabansu ya turo wani mutum ya riƙe masa lardinmu. Mataimaki kawai muke ce masa. Shi ke sa hannu a cika jirgin ƙasa da mutane a wuce da su. To, yana da ciwon ciki mai murɗa shi har ya kwanta ƙasa yana nishi. Aka kai masa Douwe, ya ji sauƙi. Daga nan duk mako baƙar mota ke zuwa ɗaukarsa.

Douwe bai karɓi ko kwabo ba. Ga yadda yake yi. Zai yi ta murza cikin har ya ga yatsun mutumin, da ke dunƙule, sun saki. A wannan ɗan lokacin, kafin ya tashi ya sa rigarsa ta soja, sai Douwe ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani yaro." Suna ɗaya yake faɗa cikin waɗanda aka tsare, ba ya ƙarawa. Haka ɗan mai burodi ya dawo. Haka wata Bayahudiya mai ɗinki ta fito da 'yarta a hannu. Douwe ya san sarai abin da ke tayar da ciwon: kyafaffen kifi mai maiƙo da barasar da mutumin ke kora shi da ita. Amma ya ƙi gaya masa, don ya san muddin cikin na murɗawa, motar za ta zo.

Wata Asabar yana shagon aski, sai Sjoerd mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya ce, "Ga likitan sarki! Yaya cikin maigidanka?"

"Yana nan."

"Ai kullum yana nan. Shekara guda kana murza tumbi ɗaya, ko kwaɓin burodi ne da ya tashi. Ko dai hannun ne ya tsufa, ko kuwa daɗin motar kake ji?"

Shago ya ɗauki dariya. Douwe ya miƙe da kumfa a rabin fuskarsa. "Ni hannuna ya tsufa? Ku zuba ido."

Matarsa Hiske ta roƙe shi. Ta ce, "Douwe, ka bar mai aski da surutunsa. Su waɗanda ka fitar ai sun sani."

"Zan nuna musu ne kawai."

Da motar ta zo, ya je ya yi tausar da bai taɓa yin irinta ba, sannan ya gaya wa Mataimaki ya bar kifi, ya bar barasa, ya riƙa shan nono da safe. Mutumin ya bi. Mako ya zagayo, mota ba ta zo ba. Douwe ya yi ta wucewa ta ƙofar shagon aski, hula a karkace.

Sai aka yi kamen samarin da suka ƙi tafiya aikin dole. Aka fito da ƙanena Jelle daga rumbun ciyawa, ko takalman katakonsa ba su bari ya sa ba. Aka ce ranar Alhamis jirgi zai tashi da su.

Ni da Inna muka je gidan Douwe. Inna ta ce, "Douwe, kai ka murza masa ƙafa yana ƙarami. Suna ɗaya ne, Jelle."

Ya kasa kallonta. "Ba a aiko ba, Inna Trijn."

"To, yaushe za a aiko?"

"Sai cikin ya murɗa."

Kun taɓa ganin gari guda yana jiran cikin maƙiyinsa ya yi ciwo? Mata suna tsaye a bakin gada suna duban hanya ko baƙar mota za ta ɓullo. Inna, wadda ba ta taɓa yi wa ko kaza mugun fata ba, na ji ta a coci tana roƙon Allah ya murɗe hanjin bawansa.

Ni ban tsaya ga addu'a ba. Na ba da zanen gadon aurena aka ba ni kifi mafi maiƙo a tashar masunta, na hau keke na kai ƙofar kicin ɗin Mataimaki. Kukun ya shinshina ya ce, "Kai, wannan kifi! Amma maigida ya daina ci. Likitanku ne ya hana." Ya karɓe wa kansa.

Douwe ya tafi da ƙafarsa ba a kira shi ba. Ya tarar da mutumin tsaye, riga a ɓalle har wuya, kumatu sun yi ja. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani yaro." Mataimaki ya dafa kafaɗarsa, ya saka masa sigari a aljihu, ya ce, "Rinsma, ka ga yadda na murmure? Gaida gida." Aka raka shi waje.

Jirgin ya tashi ranar Alhamis. Muna bayan shingen waya a tasha, Douwe na gefenmu da manyan hannuwansa a rataye. Ban hango Jelle ba, taragon ba shi da taga. Bai dawo ba.

To, ga abin da za ki kai wa malaminku. In Allah ya sa a hannunka akwai abin da ke raya wani, ba naka ba ne da za ka kashe shi don rufe bakin mai tsegumi. A ce maka ka kasa, a ce maka karen maƙiya, haɗiye, ka ci gaba da aikinka. Zagi ba ya kashe mutum, amma girman kai ya kashe mini ƙane. Ke, share hancinki, kuka bai dawo da kowa ba. Ku tashi ku kwanta, Auke ka kashe fitilar nan, mai ba kyauta ba ne.