Zumar da Ba Ta Kama Hannu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Zaki ne ke da tulun zuma a rumbunsa, kullum sai ya ga ta ragu. Ya fusata, ya sa Kura gadi, ya ce kowace safiya kowa ya zo ya ba ta hannu su gaisa. Duk wanda aka ji hannunsa da danƙo, a sare masa wutsiya.

To, ɓarawon Kurege ne, ta rami yake shiga. Ga kwaɗayi, ga son wutsiyarsa. Yana cikin rumbu yana tunanin mafita, sai zuma ta ɗiga daga bakin tulu ta faɗa cikin garin gero. Ɗigon ya mulmule, fari fat. Ya taɓa, bai kama yatsa ba.

Ya riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe zuma ma tana sa riga?"

Shi ke nan. Ya ɗiga da tsinke, ya mulmula a gari, ya jefa a hula. Ya ɗiga, ya mulmula, ya jefa a hula. Da safe ya miƙa hannu.

"Ina kwana, Yaya Kura?"

"Lafiya lau, ƙanena. Hannunka tas, wuce."

Amma kun san mai haɗama. Ran nan ya ce, "Ina amfanin 'yan ƙanana kamar kashin awaki?" Ya mulmula ƙato kamar ƙwan agwagwa, ya ɗora a ka, ya kifa hula, ya tafi gaisuwa.

Kura ta ji hannunsa tas, ta ce, "Duk dajin nan kai kaɗai na yarda da kai." Ta ɗaga hannu ta dafa kansa da ƙarfi.

Fus! Ƙwallon ya fashe. Ta janye hannu, hula ta biyo hannu, zuma na dalala. Kowa ya saki baki. Zaki ya miƙe tsaye.

Kurege ya waiwaya. Can gefe matar Zaki ta shanya gari a tabarma. Sai ya zube a kai kamar ya suma, ya birgima, ya birgima, ya tashi da kai fari fat.

"Wayyo ni! Ashe mai gadin ce ɓarauniya! Ta goge hannunta a hulata! Ku dubi furfurar da firgita ta fito min da ita!"

Biri ya shafa kan Kurege, a bushe. Ya kama hannun Kura, da ƙyar aka raba su.

Kura ta ce, "Ni? Ni? Wallahi ko ɗanɗana ban yi ba!"

Zaki ya ce, "Ni hannu na ce a duba." Ƙat! Shi ya sa har yau wutsiyar Kura guntuwa ce.

Kurege ya kama hanya yana kaɗa tasa wutsiyar. Sai zabi suka hango garin gero na tafiya da ƙafafunsa. Suka yi masa ca, suka yi ta sara, bai kai rami ba sai da suka mai da shi mai sanƙo.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya sha gari! In za ku ɓoye zuma a hula, kada ku bari a yabe ku.